Kafin Mu Tara Kuɗin Ta'aziyya, Mu Tara Na Gwajin Jini

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, a ƙarshen zangon karatu na biyu da ya wuce ne muka raka wani abokin aikinmu makwancinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin waɗanda suka san shi sun gane wanda nake nufi, waɗanda ba su san shi ba kuwa darasin ya ishe su. Shekara goma sha ɗaya muka yi a makaranta ɗaya, shi yana aji biyar ni ina aji huɗu, bango ɗaya ne tsakaninmu, har nakan ji muryarsa yana biya wa yara lissafin sau. Da farko kasala ya riƙa kuka da ita, sai rama ta biyo baya. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya sha na taifod, da idanunsa suka yi ɗorawa aka ce shawara ce aka haɗa masa jiƙe-jiƙe. Sai da cikinsa ya kumbura sa'an nan aka kai shi babban asibiti, inda aka ɗebi jininsa, aka yi masa hoton ciki, aka ce sankarar hanta ce, kuma ta riga ta yi nisa. Likitan ya shaida wa 'yan'uwansa cewa asalin abin ƙwayar cutar hanta nau'in B ce, wadda mai yiwuwa tun yana ƙaramin yaro take jikinsa. Bai cika wata huɗu bayan haka ba ya rasu, yana da shekara 46, ya bar mace da 'ya'ya biyar.

Reshenmu ya yi abin da ya saba, kuma ya kyauta. Mun tara gudummawa, mun je gaisuwa, mun miƙa wa iyalinsa abin da ya samu. Amma tun daga ranar nake ta juya wani lissafi a raina: kaɗan daga abin da muka tara bayan rasuwarsa ya isa a yi masa gwajin da zai nuna wannan ƙwayar cuta tun shekara goma da suka wuce, lokacin da hantarsa ke da sauran ƙarfi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu ja. Sai dai neman magani bai taɓa saɓa wa dogaro ga Allah ba, kuma mu da muke koya wa yara cewa rigakafi ya fi magani mu ya fi kamata a ga maganar a jikinmu.

Abubuwa biyu ne suka ƙara tunzura ni na ɗauki alƙalami. Na farko, makonni kaɗan bayan rasuwar, wani mutum ya shigo ofishin malamai da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da ake damƙewa a tafin hannu. Ya ce cikin minti biyu na'urarsa za ta karanta hanta da ƙoda da zuciya, har ta faɗi ko mutum yana da ciwon daji. Da yake tsoro bai sake mu ba tukuna, malamai da dama suka biya. Kowa aka gwada sai da aka samo masa ciwo, kuma maganin kowane ciwo yana cikin jakar mai na'urar. Na biyu, wani saƙo ya riƙa yawo a zaurenmu na WhatsApp cewa a Amurka an ƙirƙiro gwajin jini guda ɗaya da ke gano sankara iri hamsin, don haka an gama da ciwon daji. Na farkon damfara ce tsagwaronta. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya, amma an yi masa ƙari mai yawa. Ina ganin ya dace mu tsaya mu rarrabe tsaki da tsakuwa, domin kuɗinmu da lafiyarmu ne a ciki.

Bari in fara da gwajin Amurkan. Sunansa Galleri, wani kamfani mai suna GRAIL ne ya fito da shi kasuwa a 2021. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kullum wasu suna mutuwa wasu suna maye gurbinsu, waɗanda suka mutu kuwa sukan zubar da ɓurɓushin sinadarin gado da ake kira DNA a cikin jini. Ƙwayoyin sankara ma haka suke yi, amma nasu ɓurɓushin yana ɗauke da wasu alamomi na daban. Aikin gwajin shi ne ya tace jini ya tsinto waɗannan alamomi, kamar yadda malami kan tsinto rubutun ɗalibi guda a cikin tulin takardun jarrabawa ko da bai sa suna ba. Ilimi ne na gaske, kuma abin yabo ne.

Matsalar ita ce ƙaramin ƙari ba ya zubar da ɓurɓushi mai yawa, alhali ƙaramin ne ake so a kama. A binciken da aka wallafa a 2021, gwajin ya gano kimanin rabin waɗanda aka riga aka san suna da sankara. Cikin waɗanda ciwonsu ya kai mataki na huɗu, wato na ƙarshe, ya gano kusan 90 cikin 100. Cikin waɗanda ke mataki na farko kuwa, inda magani ya fi yin tasiri, kimanin 17 cikin 100 kawai ya gano. A wani binciken da aka yi kan mutum kimanin 6,600 masu shekara hamsin zuwa sama, gwajin ya nuna alamar sankara a jikin mutum 92. Da aka zurfafa bincike, 35 ne aka tabbatar suna da ita. Sauran 57 sun sha zullumi da hotuna da gwaje-gwaje na makonni ko watanni kafin a ce musu lafiyarsu lau. Sa'an nan waɗanda sankara ta bayyana gare su cikin wannan shekarar ba tare da gwajin ya hango ta ba sun fi waɗanda ya hango yawa.

Shi ya sa ƙasashen da ke da kuɗin ma ba su yi gaggawa ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta fara gwada shi a 2021 kan mutum kimanin 140,000 masu shekara 50 zuwa 77, da ta duba sakamakon shekarar farko a 2024 sai ta ce bai kai ta faɗaɗa shi ga jama'a ba tukuna. Farashinsa a Amurka dala 949 ne, wanda a kuɗinmu ya haura naira miliyan ɗaya, wato ya zarce albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Akwai kuma wani gwajin jinin mai suna Shield, na sankarar hanji kaɗai, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Yulin 2024. Yana gano kimanin 83 cikin 100 na masu sankarar, amma 13 cikin 100 kawai yake ganowa na tsiron da ke shirin rikiɗewa ya zama sankara. Duk wanda gwajin ya nuna masa alama kuma sai an leƙa hanjinsa da na'ura kafin a yanke hukunci.

Kada mu ɗauka talaka kaɗai ake yi wa romon baka da maganar jini. A 2003 wata matashiya mai suna Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a Amurka, ta ce da ɗigon jini daga ɗan yatsa za ta yi ɗaruruwan gwaje-gwaje. Manyan attajirai da tsofaffin ministoci suka ba ta gaskiya, har aka ƙiyasta darajar kamfanin da dala biliyan 9. A 2015 wani ɗan jarida, John Carreyrou, ya bankaɗo cewa na'urar ba ta yin abin da ake faɗa. Kamfanin ya rushe a 2018, a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Idan an iya rufe idon irin waɗancan mutane, to mai kwamfuta da ɗan ƙarfe ba zai sha wuyar rufe namu ba, muddin ba mu yi tambaya ba.

Ra'ayina a nan shi ne mu daina hangen dala ba mu shiga birni ba. Akwai gwaje-gwajen jini tsofaffi, masu sauƙin kuɗi, waɗanda aka daɗe da tabbatar da amfaninsu, kuma ana yinsu a asibitocin gwamnati da ke kusa da mu. Su ne ya kamata mu sa a gaba, kuma na farkonsu shi ne na ciwon hanta.

Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kimanin 1 cikin 100 kuma nau'in C. Mu auna wannan da kanmu: a taron malamai ɗari, ba abin mamaki ba ne a sami takwas da ke ɗauke da ita, galibinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ashirin ko talatin ba ta nuna alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, kuma ya yi sanadin mutuwar kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari a wannan shekarar, yawanci ta hanyar ƙeƙashewar hanta da sankararta. A ƙasashenmu an fi ɗaukar ta tun ana ƙanana, daga uwa lokacin haihuwa, ko ta hanyar jini tsakanin yara, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da su ba a tsabtace ba. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma. Ana kuma ɗaukar ta ta hanyar saduwa. Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye: sai a 2004 aka shigar da rigakafinta cikin alluran yara na yau da kullum a Nijeriya. Ke nan duk wanda ya kai shekaruna, da mafi yawan malaman da ke bakin aiki yau, ba a yi mana ita muna yara ba. Wani abin da ke ƙara wa hanta nauyi shi ne gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a adana su. Idan wannan guba ta haɗu da ƙwayar cutar a jiki ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka.

Gwajin kansa ɗigon jini ne, sakamakonsa kan fito cikin mintuna. Wanda aka samu ba ya ɗauke da ita, sai ya karɓi allurar rigakafi sau uku cikin wata shida. Wanda aka samu yana ɗauke da ita, sai likita ya ƙara auna lafiyar hantarsa da yawan ƙwayar a jininsa. Ba kowa ne ke buƙatar fara shan magani nan take ba. Wanda ke buƙata, akwai ƙwaya irin su tenofovir da ake sha sau ɗaya a rana, tana danne cutar ta rage haɗarin sankara ƙwarai, ko da yake ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Waɗanda haɗarinsu ya fi yawa akan riƙa yi musu hoton ciki, sau da yawa tare da wani gwajin jini da ake kira AFP, duk bayan wata shida, domin in ƙari ya fara tsirowa a gan shi yana ƙarami. Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa daga gare shi da maganin kimanin wata uku. Bayan rasuwar abokinmu ƙannensa biyu sun je an gwada su, aka sami ɗaya yana ɗauke da ita, ga shi nan yana harkokinsa a ƙarƙashin kulawar likita. Ni ma na je. Ban ɓoye muku ba, gabana ya yi ta faɗuwa a kan bencin jira. Aka ce ba ni da ita, kuma na riga na karɓi allura biyu, saura ɗaya.

Na biyu shi ne gwajin sukari, tare da awon hawan jini, wanda shi ko jinin ma ba a ɗiba. Waɗannan biyun su ne ke cin ƙoda da ido a ɓoye, su kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Na uku shi ne gwajin jinsin jini saboda sikila. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS. Jihar Kano ta sanya hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, ciki har da na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Doka ce mai kyau, amma ni ina ganin jiran sai an sa rana ya yi latti, domin a lokacin zukata sun riga sun ƙullu, an kai kaya, iyaye sun shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu gwada 'ya'yanmu tun suna makaranta, kowa ya tashi da sanin nasa.

Na huɗu yana buƙatar natsuwa, shi ne gwajin PSA na maza, wanda ya shafi 'yar halittar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda likitoci ke kira furostet. Sankararta ce ta fi kowace yawa a tsakanin mazan Nijeriya, kuma an san ta fi kama baƙar fata, ta fi kuma kama wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta. Amma adadin PSA yakan hau saboda kumburin tsufa ko wata cuta da ba sankara ba, kuma wani lokaci yakan tono sankara mai tafiyar hawainiya wadda da an bar ta ba za ta cutar da mai ita ba. Don haka wanda ya doshi hamsin, ko yake da tarihin ciwon a gidansu, ya zauna da likita a bayyana masa amfani da illa kafin a ɗebi jininsa, kada kuma ya karanta wa kansa hukunci daga takardar sakamako.

Ga 'yan'uwanmu malamai mata da matan gidajenmu, wajibi ne in faɗi wannan a sarari: sankarar mama da ta bakin mahaifa, waɗanda su ne kan gaba cikin nau'o'in sankarar da ke kashe mata a ƙasar nan, ba da gwajin jini ake tantance su ba. Ta mama ana neman ta ne ta hanyar duba mama da hoto, ta bakin mahaifa kuma ta hanyar duba wurin ko ɗaukar samfuri daga gare shi. Duk wanda ya ɗebi jininki ya ce ya wanke ki daga waɗannan biyun, ya yaudare ki. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma da yawansu a azuzuwanmu suke zaune.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ofishin malamai. Wani ya ce gara bai sani ba, tunda ko ya sani ba shi da kuɗin magani. Ban raina wannan magana ba, duk wanda ke jiran albashi ya san nauyinta. Amma kuɗin kula da hanta kafin ta lalace bai kama ƙafar kuɗin jinyar sankara ba, wadda kan cinye gona da fili sa'an nan ta tafi da mai su. Kuma sanin ba mai shi kaɗai yake amfana ba: da shi ne za a yi wa matarsa da 'ya'yansa rigakafi, da shi ne za a tabbatar an yi wa jaririn da aka haifa allura cikin awa 24 na farko. Wata malama kuma ta ce tsoronta kada magana ta fita a riƙa gudunta. Wannan tsoro ne na gaskiya, maganinsa kuwa biyu ne, wato riƙe sirri da ilimantarwa. Ba a ɗaukar nau'in B ko C ta hanyar musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a aji ɗaya. Malamin da ke ɗauke da ita ba haɗari ba ne ga ɗalibansa.

Saboda haka ina gabatar wa shugabannin reshe da kwamitin walwala waɗannan shawarwari, da fatan za a sa su cikin ajandar taro mai zuwa. A ware wani kaso daga asusun walwala, ko a amince da ɗan ƙarin da ba zai takura kowa ba, domin ranar gwaji sau ɗaya a shekara a lokacin dogon hutu, tare da asibitin gwamnati mai ƙwararrun ma'aikata. A fara da ciwon hanta nau'in B da C, da sukari, da hawan jini, ga malami da mijinta ko matarsa. A ƙulla maganar allurar rigakafi tun kafin ranar, domin gwajin da ba a tanadi abin da zai biyo bayansa ba tayar da hankali ne kawai. A buɗe ɗan asusun rance marar ruwa ga wanda aka tura ƙarin bincike. A rubuta a ƙa'ida cewa sakamako tsakanin mutum da likitansa ne, babu hedimasta ko jami'in ƙungiya ko na ofishin ilimi da zai gan shi. A binciko mana abin da shirin inshorar lafiya ya ƙunsa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a ƙasar nan, kada mu biya abin da muke da haƙƙi a kansa. Daga ƙarshe, a hana masu na'urar gano kowace cuta da masu tallar magani shiga ofisoshin malamai da tarukanmu.

Mai yiwuwa wata rana gwajin jini guda zai iya hango sankara tun tana ƙwaya, farashinsa kuma ya sauko har ya iso gare mu. In ranar ta zo za mu yi marhabin da ita. Kafin nan, abin da ke hannunmu ya isa ya ceci wasu daga cikinmu, in mun yi amfani da shi. Ajin abokina yana nan, an kawo wani malami yana koyarwa a ciki, babban ɗansa kuma yana aji shida a makarantarmu, kullum ina ganinsa a layin taron safe. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko reshe ya amince da shawarwarin ko bai amince ba, ya nemi rana ɗaya cikin hutun nan ya je asibiti shi da iyalinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.